Ƙofar da Kyaftin Ya Buɗe

Dutsen farko bai sami kowa ba, tagar falon Kyaftin ya samu. Mai walda yana tsugune a gaban shagonsa da gilashin aiki a goshi sa'ad da ya ji tas, ya ɗago kai ya ga layin ya cika da mutane tun daga bakin titi. Ba irin cikar da ake yi in an yi hatsari ba ce, wadda kowa ke miƙa wuya yana tambaya. Waɗannan ba su zo tambayar komai ba. Mai faci ne a gabansu, babu riga a jikinsa, da ƙarfen cire taya a hannu, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

Mai walda ya san abin da ya kawo su. Jiya da hantsi jami'an tsaro suka shigo unguwar da motoci, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a sama har kwanon rufi yana rawa. Wanda suka zo nema ba su same shi ba, amma da suka tafi an ɗauki ƙanen Mai faci a bakin kwata da harsashi a ƙirji, shi da ya fito sayen man babur kawai. Kafin a dawo daga binne shi magana ta fara yawo daga baki zuwa baki: wa ya kira jirgin? Kuma kowa a unguwar ya san gidan da ake magana da jirage.

Kyaftin dai ba kyaftin ɗin komai ba ne. Tun yana saurayi ya so ya tuƙa jirgi, likita ya duba idonsa ya ce ya haƙura. Sai ya kama aiki a filin jirgin sama yana auna kayan fasinja, yana kallon jirage ta gilashi har furfura ta cika masa kai. Da ya yi ritaya, ana jira a ga ya buɗe shago ko ya kama kiwo irin na sauran tsofaffi, sai ya kwashe kayan ɗakin babban ɗansa ya ce nan ne ɗakin matuƙi. Ya jera talabijin uku a matsayin tagogi, ya haɗa su da kwamfuta, ya sa batirin sola don kada a ɗauke masa wuta yana tsakiyar teku. Kujeru biyu daga mushen wata bas aka ciro su. Ƙarafunan da suka riƙe komai kuwa Mai walda ne ya haɗa, har da sandar sauke ƙafafun jirgi da ya ƙera da guntun bututu da kan giyar mota.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne tsohon ba ya gajarta tafiya. In jirgin gaske yana yini guda kafin ya haye teku, to shi ma sai ya yini a kujerar nan, da rigarsa fara da tela ya ɗinka wa zane a kafaɗa. Akwai wurin da ake dannawa komai ya tsaya cak, akwai wanda ke sa lokaci ya yi gudu, amma shi ya liƙe su da salatif. In an ce masa, "Baba, ai wasa ne," sai ya ce, "Wane matuƙi ka taɓa gani ya tsayar da jirgi a sama ya je ya dawo?" A zaune yake sallah in yana tafiya, har ya taɓa tambayar liman ko ya halatta ya yi ƙasaru. Liman ya dube shi ya ce in ƙafarsa ta wuce zaure ya dawo su yi magana. Ranar da gas ya kama a kicin, matarsa Malama da maƙwabta ne suka kashe wutar, shi yana ciki yana cewa ta ƙofa a yi haƙuri, sun shiga hadari. Malama ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, daga baya ta koma amsa wa baƙi da cewa, "Yana sama, sai ku dawo da yamma."

Ƙofar ɗakin ma sai da ya kafe a yi masa irin ta jirgi, wadda ba ta buɗuwa daga waje. Mai walda ya yi ta da faranti mai kauri, ya sa mata sakata uku ta ciki, ya binne firam ɗin cikin kankare, ya bar ɗan rami daidai fuska. Bai taɓa yin aikin da yake alfahari da shi irin wannan ba. Ladansa shi ne kujerar dama. Duk ranar da za a sauka, Kyaftin yakan buɗe masa ya shigo ya zauna, aikinsa ɗaya tak, in an ce "ƙafafu" ya ja sandar nan ƙasa, ya jira fitilu uku su zama kore, ya ce sun fito. Injiniya Kyaftin yake kiransa, shi kuma yana jin daɗin sunan fiye da yadda yake nunawa.

Matsalar ita ce Kyaftin ba shi kaɗai yake wasan ba. Akwai irinsa a wasu ƙasashe, waɗansu suna zama a matsayin masu ba jirage hanya, suna magana da shi ta intanet da Turanci, lambobi a kan lambobi. Muryoyin nan suna fita ta 'yar tagar ɗakin mai ƙarafuna. Shekaru ana ji ana dariya, jiya aka daina.

Mai walda ya jefar da abin hannunsa, bai ko kashe inji ba. Bai bi ta layi ba, ya shige gidansa, ya jingina tsani a katangar da ta raba su da Kyaftin, ya dira ta baya. Malama tana tsaye a bakin famfo da kumfar wanki har gwiwar hannu, tana kallon ƙofar gida da ake duka.

"Malama, hau tsanin nan ki faɗa gidana! Ki kira 'yan sanda, ki kira duk wanda kika sani!"

"Yana sama," ta ce. "Tun da safe ya tashi. Ba zai ji ba, ya sa abin kunne."

"Ki tafi, ni zan fito da shi."

Ya ja tsanin ya dawo da shi ta wannan gefen, ya riƙe mata har ta haye. Sannan ya ruga cikin ɗan lungun da ke kai wa ɗakin, ya hau dukan ƙofar da hannu biyu. Ya daɗe yana duka kafin murfin ramin ya zame, idon Kyaftin ya bayyana a bayan tabarau.

"Injiniya, ka yi sauri. Yanzu muka fara gangarowa, da sauran tafiya kafin aikinka ya zo."

"Kyaftin, ka fito! Mai faci ne da mutane, sun ce kai ka kira jirgin jiya. Kashe ka za su yi. Ka zo mu haura ta gidana."

"Ni? Ni zan sa a harbe yaron da aka haifa a gabana?" Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Ka ce su jira in sauka, in sauka zan yi musu bayani. Ina da mutane a bayana."

"Waɗanne mutane, don girman Allah? Bango ne a bayanka!"

Bai rufe baki ba ƙofar gida ta faɗi. Ba shi ya yi waccan ba, wani mai arha aka ba. Ƙarar ta cika tsakar gida, ya ji ana fasa tukwanen furen Malama, ana kifar da baho. Hanyar tsani ta rufe. Mai walda ya dubi ƙofarsa, ya dubi bangon kankare da rufin siminti, nan take ya sauya magana.

"To kar ka fito. Ka ji ni? Ka rufe ramin nan, ka mayar da abin kunnenka. Ko me ka ji kar ka buɗe. Ba za su iya da ƙofar nan ba, 'yan sanda suna hanya."

Murfin ya rufe. Mai walda ya juya ya jingina bayansa da ƙarfen. Abu ɗaya ne ya kwantar masa da hankali, ya san mutumin da wuta ba ta tayar daga kujera ba, hayaniya ba za ta tayar da shi ba.

Suka cika lungun. Yawancinsu ya san su, akwai wanda ya gyara wa baro makon jiya, akwai ɗan mai shayi, akwai wasu da bai taɓa gani ba, kuma su ne suka fi kowa ihu. Warin zufa da na fetur ya toshe wurin.

"Yaya, matsa," in ji Mai faci. Muryarsa a dishe take. "Ba da kai muke ba."

"Ƙanena, ka saurare ni. Wallahi abin da aka yi maka ya yi mana zafi duka, da ni aka ɗauko shi. Amma tsohon nan wasa yake yi. Talabijin ne da kwamfuta. Ko kazar maƙwabta ba zai iya kira ba, balle jirgi."

"Wasa? Wasa ne zai sa mutum ya yi ƙofar banki a ɗakinsa?"

Daidai lokacin muryar nan ta fito daga ciki, muryar wani Bature mai sanyi tana jero lambobi, Kyaftin kuma ya amsa mata a natse yana maimaitawa. Kowa a lungun ya ji.

"Kun ji ko?" wani ya yi ihu daga baya. "Yanzu ma kiran su yake!"

Mai walda bai ga wanda ya fara kai masa duka ba. Wani abu ya sauka a gefen kansa, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, aka finciko shi aka wurgar gefe. Suka hau ƙofar. Mai faci ya cusa ƙarfensa a gefen firam ya danna da duk ƙarfinsa, ƙarfen ya zame ya kusa karya masa haƙori. Aka kawo ƙatuwar gudumar wani mai gini aka yi ta dukanta, aka kawo gatari, bakin gatarin ya lanƙwashe. Fenti kawai ke zuba. Mai walda yana kwance a ƙasa jini yana shiga masa ido, amma sai da ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Aiki ne ya yi shi da gaskiya.

"Shi ya haɗa ta," in ji ɗan mai shayi yana haki. "Shi ya san yadda ake buɗewa."

Suka dawo kansa. Biyu suka danne shi, ɗaya ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan dakalin lungun ya taka wuyan hannun da takalmi.

"Ta ina ake buɗewa?"

"Ba a buɗewa daga waje. Ku kashe ni ma, ba a buɗewa."

Ƙarfen ya sauka a kan yatsunsa. Ya yi niyyar kada ya yi ƙara don kada a ji a ciki, ya cije leɓe har ya huda shi, amma a karo na biyu ƙarar ta ƙwace masa, wata irin ƙara da bai san tana cikinsa ba. Aka shure shi a haƙarƙari, aka taka masa fuska. Wani daga cikin baƙin nan ya matso da galan, ya tuttule masa fetur tun daga kai har gwiwa. Sanyin man ya shiga raunukan kamar an zuba barkono.

"Tsoho!" mai galan ɗin ya buga ƙofar da tafin hannu. "Ka fito, ko mu gasa maka yaronka a nan!"

"Kar ka buɗe!" Mai walda ya yi ihu, fetur yana shiga masa baki. "Kyaftin, kana sama! Ka zauna a kujerarka!"

Ya ji ana karkaɗa kwalin ashana. Ya rufe ido. Sai ya ji wata ƙara da ya fi kowa sani a duniya, domin shi ya goge ta da hannunsa har ta daina cijewa: sakata ta sama, ta tsakiya, ta ƙasa. Ƙofar ta buɗe.

Kyaftin ya fito da farar rigarsa, abin kunne a rataye a wuya, ya ɗaga hannu biyu. Gajeren tsoho ne mai ɗan tumbi, ƙafarsa cikin silifas. Bai dubi masu makamai ba, Mai walda ya duba.

"Ku ɗaga shi," ya ce. "Ku ajiye ashanar nan. Ga ɗakin a buɗe, 'ya'yana, ku shiga ku gani da idonku, babu abin da..."

Mai faci ne ya kai masa. Ƙarfen ya same shi a saman kunne, tabarau ya yi tsalle ya bugi bango. Tsohon ya durƙusa yana laluben ƙasa, wani ya ƙara masa da katako a bayan wuya, daga nan ba a iya gane hannun wane ko ƙafar wane ba. Mai walda ya ja ciki ya faɗa a kansa ya rufe shi da jikinsa, duka ya ci gaba da sauka a bayansa har sai da suka tuna da ɗakin suka tsallake su suka afka ciki.

Ya ji talabijin ta fashe, ya ji ta biyu. Sai hayaniyar ta fara raguwa, irin raguwar da ake yi in an buɗe tukunya an tarar babu komai. Daga inda yake kwance yana hango Mai faci tsaye a tsakiyar ɗakin, ƙarfe a ɗage. A gabansa kujerun bas ne da soso ya leƙo ta gefe, da fulas ɗin shayi, da darduma a naɗe. A talabijin ɗin da ta rage babu unguwa, babu titi, babu gidan kowa, sai teku da gajimare da wata gaɓa can nesa. Mai faci ya sunkuya ya dubi abubuwan da matuƙi ke takawa da ƙafa. Robar da ke ja da su tsohon tib ɗin taya ne, shi da kansa ya yanka wa Kyaftin shi bara, yana yi yana tsokanar tsohon ya ajiye masa kujerar taga.

Ƙarfen ya sauko a hankali. Wani ya ce ga jiniya nan, lungun ya watse, ana ture juna a ƙofa. Mai faci ne na ƙarshe. Ya ɗan tsaya a kansu. Ya fita da ƙafa, ba da gudu ba, ya bar ƙarfen a bakin ƙofar.

Malama ta dawo ta ƙofar da aka karya, babu mayafi. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Kyaftin a cinyarta, tana danne raunin da gefen zaninta, zanin yana jiƙewa. Ba ta yi kururuwa ba, sunan Allah kawai take kira.

"Me ya sa ka buɗe?" Mai walda yana kuka bai sani ba. "Na ce maka kar ka buɗe. Ƙofar ba za ta faɗi ba, wallahi ba za ta faɗi ba."

Idon Kyaftin ɗaya ne ya buɗe. Ya daɗe yana neman fuskar Mai walda kafin ya same ta.

"Na sani," ya ce. "Aikinka ne." Ya haɗiyi wani abu da ƙyar. "Na saita komai kafin in tashi. Jirgin zai kai kansa. Ƙafafu ne kawai ba ya iya sauke wa kansa."

"Ka bar maganar jirgi, mota tana zuwa."

"Injiniya, an bar kujera ba kowa."

Malama ta sunkuya tana laƙƙana masa kalmar shahada, leɓensa yana bin ta. Kafin motar 'yan sanda ta shigo layin, rai ya yi halinsa.

Maƙwabtan da suka kulle ƙofofinsu ɗazu suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da salati a baki. Aka kawo zani aka rufe gawar. Wani ɗan sanda yana tambayar sunaye, ba wanda ya ga kowa. Matar Mai walda ta zo da bokiti tana wanke masa fetur tana kuka, tana cewa ya tashi su tafi asibiti, yatsun nan sun zama abin da ba ya kalluwa. Ya miƙe zai bi ta, sai ya ji wani ƙaramin sauti daga ɗakin, ƙararrawa ce tana nanatawa. Ya san ta. Sau ɗaya ya taɓa jin ta, ranar da ya shagala da kallon fitilun wani gari ya manta aikinsa, Kyaftin ya yi masa faɗa kamar da rayuka a hannunsa.

"Ina zuwa," ya ce wa matarsa.

Ya tsallake ƙarfen Mai faci ya shiga. Gilashi yana ƙara a ƙarƙashin takalminsa. Ya wuce kujerar hagu bai taɓa ta ba, ya zauna a tasa. Talabijin ɗin tsakiya ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, amma a bayan tsagin teku ya ƙare, ga gonaki, ga rufin gidaje, ga doguwar hanya da fitilu a jere tana matsowa. Muryar Baturen tana fitowa daga sifika tana kiran jirgin, ta yi shiru, ta sake kira.

Hannun dama ba ya ɗaguwa. Ya miƙa na hagu ya kama kan giyar, ya ja sandar ƙasa. Ƙararrawar ta tsaya. Ya ji motsi a bayansa, Malama ce a bakin ƙofa, tana riƙe da karyayyen tabarau.

Fitila ta farko ta kama, ta biyu ta bi ta. Ta ukun takan ɗan yi jinkiri, tun da can haka take. Suka jira ta su biyu har ta zama kore.

"Sun fito," in ji Mai walda, yana kallon kujerar hagu.